Na kwafa fayil ɗin ISO cikin filash, amma kwamfutar ta ƙi tashi da shi

Wani ɗan'uwa ya rubuto yana cewa: "Malam, na sayi laftof HP ta hannu, Windows ɗin da ke kanta ya lalace, ko buɗewa ba ya yi. Na ƙona data na sauke fayil ɗin Windows 11 mai ƙarewa da ISO, na kwafa shi cikin filash mai giga 16, na soka na kunna, sai kwamfutar ta yi kamar ba a soka mata komai ba. Filashin ne ba shi da kyau, ko fayil ɗin?"

Ɗan'uwa, mai yiwuwa duka biyun lafiyarsu ƙalau. Abin da ka yi shi ne abin da kusan duk mai koyon wannan aiki ya taɓa yi, ni ma na yi shi a farkon zamana shagon gyara, har na koma wurin mai filash ina masa faɗa alhali ba shi da laifi. Bari in fara da dalilin da ya sa kwafa kawai ba ta wadatar, domin idan ka gane shi, sauran aikin ba sai ka haddace ba.

Fayil ɗin ISO hoton faifai ne sukutum, daga farkonsa har ƙarshensa, an naɗe shi a ƙunshi ɗaya. Sunan ya samo asali daga ISO 9660, ƙa'idar tsara bayanai a kan faifan CD da aka fitar a 1988. A 1995 kamfanonin IBM da Phoenix suka ƙara wani tsari mai suna El Torito, wanda ya ba kwamfuta damar tashi daga faifan. To ka ga tun asali an yi abin ne don a ƙona shi a kan faifai. A cikin ƙunshin akwai ɗaruruwan fayiloli, akwai kuma 'yar manhajar da ke tayar da kwamfuta, amma duk suna ɗaure. Kai kuwa ka ɗauki ƙunshin yadda yake ka ajiye a filash, kamar wanda aka ce ya kawo tuwo ya dire buhun masara a tsakar ɗaki.

Ka tuna cewa a daƙiƙar da ka danna maɓallin kunnawa babu Windows, babu abin da ya san yadda ake kwance ISO. Wata ƙaramar manhaja ce da ke zaune a jikin babban allon da ke cikin kwamfutar (motherboard) take farkawa, ita kuma iliminta kaɗan ne, wuri ɗaya tak ta san ta duba. Iri biyu ce. Tsohuwar, wadda ake kira BIOS, tana zuwa farkon filash ne ta karanta bayit 512 na farko, ta duba ko sun ƙare da alamar 55 AA, idan haka ne ta miƙa musu ragama. Ba ta san fayil ba, ba ta san folda ba. Sabuwar, wato UEFI, ta fi wayo: tana iya karanta yankin filash da aka tsara da FAT32 (wani tsarin jera fayiloli ne a abin ajiya), sai ta shiga folda mai suna EFI, ta shiga BOOT, ta nemi fayil mai suna BOOTX64.EFI. Idan ta same shi ta tashi da shi, idan ba ta samu ba ta wuce abinta. A filashinka babu abin da tsohuwar ke nema a farkon, babu kuma foldar da sabuwar ke nema. Shi ya sa ta yi kamar ba ta gan shi ba. Aikin manhajojin da ke mayar da filash abin da masu gyara ke kira butabul shi ne su kwance ƙunshin, su jera kayan a daidai inda kwamfutar za ta leƙa.

Saboda haka tambayar farko ba "wace manhaja zan yi amfani da ita" ba ce. Tambayar ita ce ta wace hanya kwamfutar da za ka gyara take tashi. A nan mafi yawan mutane ke tuntuɓe, su yi ta maimaita rubuta filash sau uku sau huɗu suna zagin Rufus, ɗaya daga cikin manhajojin da ke wannan aiki. Da Windows ɗinka na buɗewa, da sai in ce ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta msinfo32, ka duba layin da aka rubuta BIOS Mode, zai ce maka UEFI ko Legacy, wato tsohuwar hanyar BIOS. Tunda ba ya buɗewa, ka kunna HP ɗin kana ta danna Esc, idan jerin zaɓi ya fito ka danna F10, ka nemi sashen Boot Options. Kusan duk laftof da ta fito daga kamfani da Windows 8 ko sama da haka, wato daga 2012 zuwa yau, tana da UEFI. Sai dai kwamfutocin hannu da ke shigo mana sukan biyo ta hannun masu sayarwa da suka kunna Legacy Support suka ɗora Windows ta tsohuwar hanya don shi ne filashin da ke aljihunsu. Idan ka tarar da haka kuma Windows 11 kake so, ka kashe Legacy ɗin ka bar ta a UEFI, domin Windows 11 don UEFI aka yi shi. Kowace hanya tana da tsarin rabon rumbu (ma'ajiyar bayanan kwamfuta) da ke tafiya da ita: UEFI da GPT, tsohuwar BIOS da MBR. Waɗannan kalmomi biyu, GPT da MBR, su ne za ka gani a Rufus, kuma su ne ke yanke hukunci.

Kafin ka rubuta komai, ka tabbatar fayil ɗin da ka sauke ya sauko cikakke. Wannan mataki ne da mutane ke tsallakewa, a wurinmu kuwa shi ya fi muhimmanci, saboda yadda muke saukewa. Fayil ne da ya haura giga 5, ana jan sa da datar dare, sabis na zuwa yana ɗaukewa, waya ta yi zafi, a tsaya a ci gaba. Mahaɗin da Microsoft ke bayarwa kuma awa 24 kawai yake aiki, idan ya mutu kana tsakiya wasu manhajojin saukewa sukan nuna an gama alhali guntu ne. Akwai kuma tarkon katin memori: idan a waya ka sauke zuwa katin da aka tsara da FAT32, ba zai ɗauki fayil ɗaya da ya kai giga 4 ba, sai saukewar ta tsaya ko ta yanke. Hanyar tantancewa ita ce lambar SHA-256, wata doguwar lamba mai haruffa 64 da ake lissafowa daga fayil ɗin gaba ɗaya, wadda ko bayit ɗaya ya canza sai ta canza. A kwamfutar da kake aiki da ita ka buɗe PowerShell, tagar rubuta umarni ta Windows, a cikin foldar da fayil ɗin yake, ka rubuta wannan da ainihin sunan fayil ɗinka:

Get-FileHash sunan-fayil.iso

Ka jira minti ɗaya ko biyu, ka kwatanta abin da ya fito da wanda ke shafin da ka sauke. Microsoft na ajiye jerin lambobin a shafin saukar da Windows 11, kowane harshe da tasa, Ubuntu da Linux Mint, nau'o'in Linux da ake ɗorawa a madadin Windows, su ma suna ajiye nasu. Ba lallai ka bi haruffa 64 ɗaya bayan ɗaya ba, idan goman farko da goman ƙarshe sun dace, to fayil ɗin bai yanke a hanya ba. Kuma ba don yankewa kaɗai ake wannan ba. A watan Fabrairun 2016 wasu suka kutsa shafin Linux Mint suka karkatar da mahaɗin saukewa zuwa wani ISO da suka dasa wa ƙofar baya, mutane suka sauke suna ganin daga gidan asali ne. Idan haka ta faru da shafin masu abin, ina ga ISO ɗin da aka tura maka ta WhatsApp ko wanda aka kwafo daga kwamfutar wani shago, wanda aka ce "an riga an yi masa aktibeshin"? Ni ba na ɗora irin wannan wa kowa. Galibi ma babu buƙata: laftof da ta zo da Windows 10 daga kamfani tana ɗauke da lambar lasisinta a cikin allonta, Windows na asali zai karanto ta da kansa.

Sai shi filashin. Giga 8 shi ne mafi ƙaranci da Microsoft ke nema, naka mai 16 ya isa har da saura, in dai 16 ɗin gaskiya ne. Kasuwanninmu cike suke da filashin da aka yi wa ƙarya a ƙwaƙwalwa: a jiki an rubuta 64, kwamfuta ma ta nuna 64, amma ainihin abin da ke ciki bai wuce 4 ko 8 ba. Yana karɓar duk abin da ka zuba ba tare da ƙorafi ba, yana rubuta sabo a kan tsoho ko yana zubarwa. Wani yaro ya taɓa kawo min irinsa, sabo fil a kwalinsa, ya saye shi a rabin kuɗin na gaske yana murna. Rufus ya gama rubutu lafiya, kwamfuta ta tashi, shigarwa ta fara, tana kaiwa wajen kashi sittin sai ta tsaya ta ce wasu fayiloli sun ɓace ko sun lalace. Sau uku muna maimaitawa, a wuri guda take tsayawa. Da na sa masa H2testw, wata 'yar manhaja da ke cika filash da bayanai sannan ta karanto su, sai ga shi bayan giga 4 ɗin farko duk ja ne. Araha ba ta ado. Idan shigarwa na mutuwa a wuri guda kullum, kuma lambar SHA-256 ta dace, ka zargi filash kafin ka zargi rumbun kwamfutar. A Linux akwai F3 mai wannan aikin, shi ma Rufus yana da akwatin duba lalatattun gurabe a ƙarƙashin ƙarin zaɓuɓɓukansa, sai dai yana cin lokaci.

Yanzu ga aikin kansa. Kana buƙatar wata kwamfuta mai Windows da ke aiki, ta aboki ko ta shago. Ka sauke Rufus daga shafinsa, rufus.ie. Ƙaramar manhaja ce ta kyauta da Pete Batard ya fara fitarwa a 2011, ba ta kai nauyin hoto biyu na waya ba, ba kuma sai an girka ta ba. Idan kwamfutar aron tana kan Windows 7 ne, sabbin fitowar ba za su buɗe ba, ka nemi 3.22, ita ce ta ƙarshe da ke aiki a can.

Kafin ka buɗe shi, ka cire duk wani abin ajiya da ke soke a jikin kwamfutar, ka bar filash ɗaya tilo. Ina nanata wannan ne don na ɗanɗana. Wata rana shago ya cika, filashina yana soke a dama, na wata ɗaliba da ta kawo a buga mata aikin kammala karatu yana soke a hagu, duka biyun baƙaƙe, duka giga 16. Na zaɓa ban duba ba, gargaɗi ya fito na danna OK yadda hannu ya saba. Kafin in ankara an share babi huɗu. Allah ya taimake ni ta taɓa tura wa malaminta kwafi ta imel, amma gyaran mako biyu ya tafi, ni na zauna na sake buga mata shi daga takardun hannunta. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Rufus yana share komai da ke kan abin da ka zaɓa, kuma da ya fara rubutu a kai, dawo da abin da ke ƙasa sai an yi sa'a. Don haka fayil ɗin ISO da ka kwafa cikin filash ɗin ma ka fara mayar da shi kan kwamfutar, kada ka share abin da ka ƙona data a kansa.

A saman tagar, a ƙarƙashin Device, ka tabbatar sunan filashinka da girmansa ne. Ka danna SELECT ka nuna masa fayil ɗin ISO. A Partition scheme ka zaɓi GPT, za ka ga Target system ya koma UEFI da kansa. Da tsohuwar kwamfuta ce mai BIOS zalla, irin masu tambarin Windows 7 ko Vista a ƙasa, da MBR za ka zaɓa. Sauran ka bar su yadda ya cika. Ka danna START.

Za ka lura ya zaɓi NTFS, tsarin jera fayiloli na Windows, a wurin File system, ba FAT32 ba, alhali na ce maka UEFI FAT32 take karantawa. Ga abin da ke faruwa. A cikin ISO na Windows akwai wani ƙaton fayil mai suna install.wim, shi ne Windows ɗin kansa a matse, kuma a fitowar shekarun nan ya haura giga 4. FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya mai wannan girma. Dabarar Rufus ita ce ya tsara kusan duk filashin da NTFS ya zuba kayan a can, sannan ya yanki wani ɗan mitsitsin yanki a ƙarshe mai tsarin FAT, ya sa masa 'yar manhajar da za ta koya wa UEFI karanta NTFS. A da wannan dabara tana tilasta a kashe Secure Boot, kariyar UEFI da ke hana tashi da manhajar da ba a amince da ita ba, kafin filash ya tashi, shi ya sa har yau za ka ji masu gyara na cewa a kashe shi. Tun 2021 an sa wa 'yar manhajar hannun amincewa, ba sai an kashe ba a mafi yawan kwamfutoci. Manhajar Microsoft ta kanta, Media Creation Tool, tana kauce wa matsalar ta wata hanya: tana sauko da fayil ɗin a matse fiye da haka, mai suna install.esd, don ya shiga FAT32. Tana aiki sosai, aibinta a wurinmu shi ne sai ta sake jan gigogin daga intanet, kai kuwa ka riga ka biya wannan kuɗin.

Af, ga wani abu da ke nuna ka kusa dacewa ba ka sani ba. A kwamfuta mai UEFI, da ka danna ISO ɗin sau biyu ya buɗe kamar faifai, ka kwashe abin da ke cikinsa ka zuba a filash mai FAT32, da ta tashi ba tare da wata manhaja ba, domin foldar EFI ta samu. Wannan ƙaton fayil ɗin ne kaɗai ke hana ruwa gudu, shi ma ana iya raba shi gida biyu da umarnin dism. Na faɗa ne don ka ga babu wani sihiri a ciki, amma ga mai farawa Rufus ya fi sauƙi.

Da ka danna START da ISO na Windows 11, wata taga za ta fito da akwatuna. Na farkonsu yana cire sharaɗin TPM 2.0 (wata 'yar na'urar tsaro a cikin kwamfuta) da Secure Boot da RAM giga 4. A hukumance Windows 11 na karɓar injin Intel ne daga zubi na takwas zuwa sama, da yawan laftof ɗin hannu da ke kasuwa kuwa zubi na huɗu ne zuwa na bakwai. Idan taka tana cikinsu, mai yiwuwa ba za ta karɓa ba sai ka sa alama a wannan akwati. Ra'ayina: ga injin zubi na shida ko na bakwai mai RAM giga 8 da SSD, wato sabon rumbu mai sauri, ina yi, yana kuma tafiya lafiya, amma ina gaya wa mai ita cewa Microsoft ba ta yi alkawarin ci gaba da ba irin wannan kwamfuta sabuntawa ba, kuma babban sabuntawar shekara kan buƙaci a sake yi da hannu. Ga mai RAM giga 4 da tsohon rumbu mai juyawa, wahala kawai za ka saya, kwamfutar za ta yi ta nishi. Tsofaffi sosai irin Core 2 Duo kuwa, daga fitowar 24H2 ko an cire sharuɗɗan ba za su tashi ba sam, saboda akwai umarnin da injinsu bai sani ba. Komawa Windows 10 ma ba mafita ce mai daɗewa ba, tallafinsa na gama-gari ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. Masu irin waɗannan kwamfutoci, Linux Mint nake ba su shawara su ɗora. Akwati na biyu yana cire tilascin shiga da asusun Microsoft ta intanet, wannan kam ina sa masa alama kusan kullum, don ba kowa ke da data a lokacin shigarwa ba.

Rubutun kan ɗauki minti goma zuwa rabin awa, gwargwadon ingancin filash. Idan ya kai kan install.wim zai yi kamar ya maƙale, kada ka zare, aiki yake. Ka yi shi a laftof mai caji, ba kwamfutar tebur da NEPA za ta iya kashewa a tsakiya ba. Idan sandar ta cika ta yi kore ta rubuta READY, an gama. Mutane da yawa a nan sukan sake danna START suna zaton yanzu za a fara. CLOSE za ka danna.

Ka kai filash kan HP ɗin tana kashe, ka soka, ka kunna kana danna Esc, sannan F9. Dell da Lenovo F12 ne, Acer ma F12 amma sau da yawa sai an kunna shi a cikin saitin BIOS (haka ake kiran shafin saitin ko da kwamfutar mai UEFI ce), laftof ɗin Asus kuma Esc. A jerin da zai fito kana iya ganin filashinka sau biyu, ɗaya da UEFI a gaban sunansa, ɗaya babu. Wannan ba kuskure ba ne, kwamfutar ce ke tambayar ta wace ƙofa za ka shiga, kuma ƙofar da ka bi ita za ta yanke yadda za a shigar da Windows. Ka zaɓi mai UEFI. Idan ka kai wurin zaɓen rumbu ya ce ba za a iya shigarwa ba saboda rumbun "is of the GPT partition style", ka shigo ta tsohuwar ƙofa ne, ka koma ka zaɓi mai UEFI. Idan kuma cewa ya yi rumbun yana da "MBR partition table", to ka shigo daidai, rumbun ne ke kan tsohon tsari. Maganinsa ka goge duk yankunan rumbun har ya zama fili ɗaya, Windows zai mayar da shi GPT da kansa. Amma wannan gogewa tana tafiya da komai, har da abin da ke D da mutane ke ɗauka yana da kariya. Idan akwai abin da kake so a ciki, ka fara tayar da kwamfutar da filashin Linux, wanda ke aiki ba tare da an girka shi ba, ka kwashe kayanka zuwa wani wuri. Wanda kuma rumbunsa ke kulle da BitLocker, makullin rumbu na Windows, ya nemo lambar buɗewa mai alƙaluma 48 kafin ya taɓa saitin Secure Boot, don taɓa shi kaɗai kan sa a tambaye ta.

Wani abin da ke firgita mutane a sababbin laftof, musamman masu Intel zubi na 11 zuwa sama, shi ne a kai wurin zaɓen rumbu a tarar da fili fayau, babu rumbu ko ɗaya. Bai mutu ba, direban Intel RST, 'yar manhajar da ke sa Windows ya ga rumbun, shi ne babu a cikin ISO ɗin. Ko ka sauke shi daga shafin kamfanin laftof ɗin ka kwance shi a cikin filash ɗin nan ka nuna masa ta Load driver, ko ka kashe VMD a saitin BIOS idan kwamfutar ta ba da dama.

Tunda na ambaci Linux, akwai bambancin da ya kamata ka sani, don kada wani ya ba ka shawarar da ta dace da nasa ba naka ba. Yawancin ISO na Linux, irin su Ubuntu da Mint da Debian, an gina su da fuska biyu: suna aiki a faifai, kuma an dasa musu tsarin rumbu a farkonsu, ta yadda idan aka kwafe su bayit bayan bayit a kan filash za su tashi. Abin da manhajar balenaEtcher ke yi ke nan, shi ne kuma aikin umarnin dd na Linux:

sudo dd if=sunan-fayil.iso of=/dev/sdX bs=4M status=progress

A wurin X za ka sa harafin filashinka, wanda za ka gano da umarnin lsblk, kuma dd ba ya tambaya ba ya gargaɗi, idan ka ba shi harafin rumbun kwamfutarka shi zai niƙe. ISO na Windows ba shi da wannan fuska ta biyu. Idan ka rubuta shi da dd ko Etcher aikin zai kammala kamar gaske, amma a mafi yawan kwamfutoci ba zai tashi ba, wani lokaci kuma ya tashi ya tsaya yana neman direba. Na ga ɗalibai masu Ubuntu sun kwana a kan wannan.

Ga wanda ba shi da Windows a kusa, ko wanda zai riƙa wannan aiki a kai a kai, Ventoy ya fi. Ya fito a 2020, kuma shi ne ya mayar da abin da ka yi tun farko daidai. Sau ɗaya ake girka shi a filash, ya ɓoye ɗan yankinsa na tayarwa, ya bar maka sauran a tsarin exFAT wanda ba shi da iyakar giga 4. Daga nan kwafa kawai za ka yi: ka jefa ISO na Windows 11, ka jefa na Mint, ka jefa na gwajin RAM, idan kwamfuta ta tashi ya jero maka su ka zaɓa. Wanda ke rataye a makullin shagona mai giga 64 ne, ISO shida ne a ciki, kuma ragowar wurin ina ajiye direbobi. Inda yake ba da ciwon kai shi ne Secure Boot: karon farko a kowace kwamfuta shuɗin allo kan fito yana neman a shigar da makullinsa, wasu kwamfutocin kuma sai an kashe Secure Boot ɗin gaba ɗaya. Shi ya sa ga aiki ɗaya a kwamfuta ɗaya, irin naka, nake cewa ka tsaya kan Rufus.

Idan shigarwa ta yi nisa kwamfutar za ta kashe kanta ta sake tashi. Idan ka sa filash a gaba a jerin tashi na BIOS, tana iya sake komawa kansa ta nuno maka shafin farko na zaɓen harshe, ka ɗauka aikin ya rushe ka sake farawa. Bai rushe ba. Da allo ya yi baƙi a wannan tashi na farko, ka zare filash, za ta ci gaba daga rumbunta. Wannan ne ma dalilin da na ce ka bi ta F9, don zaɓin na tashi ɗaya ne kawai.

Bayan an gama, filashin da Rufus ya rubuta wa Windows yana nan da sauran wuri, kana iya ci gaba da ajiya a ciki, ni ma da zan ba ka shawara ka bar shi haka a aljihun jakar laftof. Wanda aka rubuta da Etcher ko dd kuwa, idan ka soka shi a Windows zai ce sai an yi masa fomatin, ko ya nuna giga 16 ya koma 'yan megabayit. Bai lalace ba, tsarin Linux ne Windows bai iya karantawa ba. Ka buɗe Rufus, a Boot selection ka zaɓi Non bootable, a Partition scheme ka sa MBR, a File system ka sa exFAT ko FAT32, ka sake duba Device da kyau, sannan ka danna START. Cikin ƙasa da minti ɗaya girmansa zai dawo.